Sati biyu ina haƙa da ɗan cokali a bayan Epe

Ni birkila ne, shekarata 11 a Legas, a Agege nake zaune amma yawancin aikina can wajen Ajah ne zuwa Ibeju inda ake ta sare daji ana kafa gidaje. Kafin in kama cokali sai da na yi shekara huɗu ina leburanci, haƙar fandisho, haƙar sokawe, wani lokacin har rijiya, saboda haka in dai maganar diga da shebur ce na san kanta. Amma haƙar da na je na yi a watan Janairu a wani ƙauye bayan Epe wata iri ce daban, rami ɗaya mita biyu-biyu mu biyar muka yi kwana goma sha biyu a kai, abun da ni kaɗai zan gama tsakanin hantsi da la'asar.

Asalin abun daga gidan tarihi na Onikan ya samo ni. Yara na kai da ƙaramar sallah su ga motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976, don ita dai yawancinmu 'yan arewa muke zuwa kallo, to muna zagayawa sai na tsaya gaban kawunan Nok ɗin nan na yumɓu masu huda a ido da hanci, mai yi mana bayani ya ce sun haura shekara 2,000 kuma a kudancin Kaduna aka samo su. Na dawo gida abun ya tsaya min a rai, na dinga karance-karance a waya dare da rana har data ta dinga ƙare min kafin sati. Abun da ya fi kama ni shi ne yadda aka gano su. Na Nok masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da shi a 1928, wani kan ma sai da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun wani Bature mai bincike Bernard Fagg a 1943. Tagullar Igbo-Ukwu a jihar Anambra wani mutum ne yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a 1938 ya ci karo da ita, sai a 1959 Thurstan Shaw ya zo ya yi haƙa ta ilimi aka gano kayan ƙarni na 9 ne. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe kuwa wani Bafulatani ne yana haƙa rijiya a 1987 ya taɓo shi, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, babu kwalekwalen da aka sani ya girme shi a duk Afirka, yana Damaturu yanzu. Duk masu diga ne irina. Sai na tuna tsingaro nawa na watsar da shebur a rayuwata, na tuna kuma muna yara a Kano ni da kawuna muna ɗebo ƙasa a jikin badala a kan jaki ana buga tubali, ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Daga nan duk fandishon da muka haƙa in na ga fasasshiyar tukunya sai in ɗauki hoto. Injiniyan da nake yi wa aiki ya lura, ya ce ai ƙanwarsa abun da take karanta ke nan a jami'a, akiyoloji suke ce masa, wato binciken kufai da kayan da mutanen da suka bari a ƙasa. Ya haɗa mu a WhatsApp, ashe a Sabon Garin Kano ta tashi, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ita ce ta yi wa malaminsu maganata, bayan wata uku ta kira ta ce Malam za mu fita haƙa sati biyu, Dokta ya ce in kana so ka zo, amma fa ba biya, abinci ne kawai da wurin kwana.

Nan ne aka ɗan yi ja-in-ja a gida. Uwargida ta ce Maigida, sati biyu ba ka shigo da ko sisi ba, ga kuɗin makaranta an koma, don tsingaro? Gaskiyarta ce kuma ban musa ba, sai da na ƙarasa wani filasta da dare na ajiye mata na cefane sannan ta saki rai. Na kuma je wajen malaminmu na masallacin unguwa na ce Allah gafarta Malam, wannan aikin babu laifi a ciki? Ya tambaye ni ko kabari za a tona, na ce an ce min tsohon mazauni ne, juji da wurin girki, in ma aka ci karo da ƙashin mutum tsayawa ake yi a kira masu gari. Ya ce to ai an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na gabanmu suka ƙare, je ka Allah Ya tsare.

Ta Ikorodu na bi, na hau motar Epe ta hanyar Itoikin, daga Epe acaba ya ƙarasa da ni. Ranar farko ko ƙasa ba mu taɓa ba. Dokta ya fito da takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ya ce ba ta halatta kowa ya haƙa wurin tarihi ba tare da ita ba ko da farfesa ne, kuma duk abun da aka samu na ƙasa ne, ba na mai haƙa ba. Sannan muka ɗunguma gidan Baale, mai garin ke nan, da goro da gaisuwa, aka yi ta bayani da Yarbanci fiye da awa ɗaya don mutanen gari da yawa sun ɗauka zinare aka zo nema. Wani dattijo ya ce in babu kuɗi a ciki me zai fito da mutum daga birni ya zo ya zauna a rana? Sai da aka yi alkawarin duk yamma za a baje abun da aka samu a kan tabarma kowa ya gani, aka kuma ɗauki samari biyu na garin aiki.

Kashegari aka jera mu kamar sahun salla, tsakanin kowa da kowa taku biyar, muna tafiya a hankali a cikin gonar rogo kai a sunkuye, duk inda ka ga tsingaro ka soka ɗan tsinke mai ƙyalle, ba ɗauka ba. Inda tsinkayen suka fi yawa, kan wani ɗan tudu kusa da wata tsohuwar bishiya, nan aka zaɓa. Da aka zo fitar da kusurwar ramin ɗalibai suna ta fama da tef igiya na karkacewa, na ce ranka ya daɗe a ba ni in gwada, na yi musu uku-huɗu-biyar ɗinmu na magina, na buga ƙusoshi huɗu na ja igiya, Dokta ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ya samu mita 2.83 cif, yadda ya kamata murabba'in mita biyu ya bayar. Daga ranar duk abun da ya shafi awo da daidaita bangon rami ya miƙe tsaye ni ake kira. Na ji daɗin wannan sosai, don da farko ina ɗari-ɗari a cikin 'yan boko.

Yadda haƙar take shi ne santimita goma-goma ake sauka. Ba a soka cokali a ƙasa, kankara ake yi da gefensa kana janyowa wajenka, kana ja da baya a durƙushe don kar ka taka inda ka share. Ƙasar da ka tara a zuba a kwanon sarki a kai wa masu rariya, su girgiza, duk abun da ya tsaya a kan wayar a tsince, tsingaro leda daban, ƙashi daban, dutsen ado daban, ƙarfe daban, kowace leda da 'yar takarda a ciki an rubuta sunan wuri da lambar rami da zurfi da kwanan wata. In an gama santimita goma a share fes da buroshi, a ajiye kibiya mai nuna arewa da sandar awo mai ja da fari, a ɗauki hoto, a zana a takarda, har kalar ƙasar akwai wani ɗan littafi mai ɗauke da launuka da ake karawa a jikinta a rubuta lambar da ta dace. Rubutun ya fi haƙar cin lokaci nesa ba kusa ba. Kwana biyun farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi, ga diga a jingine a gindin bishiya ba dama in taɓa, gwiwoyi kuma kamar ba nawa ba in na tashi sallar azahar.

A rana ta huɗu na yi ɓarnar da har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi. Ina kankara a kusurwar gabas sai cokali ya yi ƙas, na share na ga bakin tukunya ne babba, kusan rabin da'ira, da zane a wuyansa. Farin ciki ya ɗebe ni, na sa yatsu na girgiza na zaro shi na ɗaga sama ina kiran ƙanwar injiniya ta zo ta gani. Ina ganin fuskarta na san na yi ba daidai ba. Dokta ya sauko cikin ramin ya tsuguna, bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi, ya nuna min ramin da abun ya bari ya ce Malam dubi nan, ƙasan bakin nan ya shiga cikin baƙar ƙasa, samansa yana cikin ja, yanzu wa zai gaya mana daga wacce ya fito, a kife yake ko a tsaye, ajiye shi aka yi ko jefar da shi aka yi? Ya ce su masu wannan aikin duk abun da suka haƙa sun rushe shi ke nan har abada, ba mai sake haƙa ramin nan, abun da zai rage shi ne abun da aka rubuta. Sai ya sa aka yi masa leda shi kaɗai aka rubuta cewa an cire shi kafin a auna. Daren nan ban yi barcin kirki ba. A nan na gane me ya sa suke baƙin ciki da masu tonon Nok na sata da suka kwashe kawuna suka sayar ƙasashen waje, ba kan kaɗai aka ɗauke ba, an birkita ƙasar da za ta faɗi shekarunsa da waɗanda suka yi shi da me suke ci.

Bayan nan na nutsu, kuma daga lokacin ne ƙasar ta fara yi min bayani. A sama-sama mun samu fasassun kwalabe masu kusurwa huɗu irin na barasar da Turawa suke kawowa gaɓar teku, da guntun faranti mai shuɗin zane. Ƙasa kaɗan sai ga wuri, guda bakwai a rariya ɗaya, duk an fasa musu baya yadda za a zura su a zare. Na riƙe ɗaya a tafin hannuna, ɗan fari sumul bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ƙanwar injiniya ta ce irin wannan ƙananan daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso su a jirgin ruwa. Na ce mata kin san kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce? Ta ce wallahi ba ta taɓa sani ba, ta rubuta a littafinta.

Amma abun da ya fi burge ni shi ne maganar totuwa. Wasu tsingarayen akwai wani zane a jikinsu layi-layi da 'yan ramuka kamar saƙar zuma, na ce wannan ai na san shi, haka kakata take yi, in ta gina tukunya tana ɗanya sai ta mirgina totuwar masara a kai. Dokta ya ce shi ne, kuma wannan zanen agogo ne a wurinsu, don masara ba 'yar nan ba ce, daga nahiyar Amurka ta zo bayan Turawa sun isa can a 1492, saboda haka duk tukunyar da aka yi wa ado da totuwa ba za ta girmi ƙarni na 16 ba komai tsufan da ta nuna. Haka lofe, mun samu kan lofe guda biyu na yumɓu ɗaya har da baƙin hayaƙi a cikinsa, taba ma daga Amurkan take, sai wajen 1600 ta bazu a ƙasashenmu. To da muka wuce santimita 70 sai lofe ya ɗauke, zanen totuwa ya ɗauke, tsingaron ya koma mai kauri da zanen igiya murɗaɗɗiya da wani na tsagawa da tsinke. Ba wanda ya gaya min, da idona na ga mun sauka zamanin da mutanen wurin ba su san masara ba. Na zauna a bakin ramin ina tunanin to me suke tuƙawa, doya ce kawai da manja?

A wajen santimita 90 muka tarar da murhu, duwatsu uku a zaune yadda mai girki ta bar su, ƙasar tsakiya ta ƙone ta yi ja, ga toka ga gawayi. Wannan karon ko numfashi a hankali nake yi. Yini guda muka yi muna share shi da buroshin fenti da tsinken tsire. Gawayin ba a taɓa shi da hannu, ba a shan sigari kusa, da bakin cokali mai tsabta ake ɗauka a naɗe a takardar alminiyom. Bayanin da aka yi min shi ne duk itace yana raye yana shaƙar wani nau'in kabon daga iska, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabi yake tafiya duk shekara 5,730, to a ɗakin gwaji sai a auna abun da ya rage a lissafo lokacin da aka sare itacen, ba shekara takamaimai ba, tsakanin kaza da kaza. Ƙasar waje ake aikawa kuma da dala ake biya, shi ya sa cikin leda goma sha da muka tara Dokta ya ce uku kawai aljihun aikin zai iya ɗauka.

Ranar Juma'a ba aiki, muka yi salla a Epe, garin Musulmi ne sosai, daga nan aka kai mu ganin Eredo. Jama'a in kuna Legas ba ku taɓa zuwa ba ku daure ku je. Kana tafiya a daji kawai sai ƙasa ta buɗe a gabanka, rami ne mai zurfi bangonsa a miƙe kamar an yi masa filasta, jar marmara duk gansakuka ya rufe ta, bishiyoyi sun haɗe a sama, in ka sauka ciki sanyi da duhu kamar magariba ta yi. Shi da tudun da ke gefensa sun zagaye tsohuwar ƙasar Ijebu, tsawon wajen kilomita 160, a wasu wuraren daga gindin ramin zuwa ƙololuwar tudun ya kai mita 20. Mutanen wurin suna cewa wata attajira Bilikisu Sungbo ce ta sa aka yi, suna kuma danganta ta da Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaiman, akwai ma wurin da ake ziyarta a matsayin kabarinta a Oke-Eri kusa da Ijebu-Ode. Masu bincike dai gawayinsu bai kai can ba, na farko sun ce an yi shi wajen shekara 1,000 da suka wuce, na baya-bayan nan sun ce ƙarshen ƙarni na 14. Ni da na san nauyin kwanon sarki ɗaya na jar ƙasa a ka, na dafa bangon nan na kasa magana, mutum nawa, rani nawa, wa yake dafa musu abinci, da wace irin diga suka sari marmara haka ta miƙe? Ga shi awa biyu-uku daga Agege, na shekara 11 ban taɓa jin sunansa ba.

Sauran kwanakin sun tafi da sauri. A mita ɗaya da santimita 30 muka kai ƙasar da ba komai a cikinta, aka ƙara sauka ashirin don a tabbatar, aka zana bangon ramin hawa-hawa, muka yi kwana biyu muna wanke tsingaro da buroshin haƙori a baho muna shanyawa a kan jarida, ƙarfe da gawayi da lofe mai baƙi a ciki su ba a sa musu ruwa. Dattijon nan mai maganar zinare kullum yana bakin tabarma da yamma, ranar da ya ga kan lofen ya ce irinsa kakansa yake sha, ya zauna ya ba ɗalibai labarin unguwannin da suka tashi har aka yi duhu suna rubutawa. Ranar ƙarshe aka shimfiɗa leda a gindin ramin aka mayar da ƙasa, a nan ne kawai aka ba ni shebur, cikin awa biyu mun cike, mai gona ya zo ya duba ya ce zai dasa rogonsa da ruwan farko.

Ban dawo da ko tsingaro ɗaya ba, hotuna ne kawai a waya da ɗan cokalin da Dokta ya bar min. Sakamakon gawayi har yau bai dawo ba, duk ƙarshen wata sai na tambayi ƙanwar injiniya ta ce Malam a ƙara haƙuri ana layi. Makon jiya a wani saiti a Ibeju ɗaya daga cikin yaranmu, ɗan Jigawa, yana cikin fandisho ya ƙwala min kira ya ce Oga zo ka ga irin abun nan naka. Na ce kar ka taɓa, ajiye digar. Gindin tukunya ne a kife a bangon ramin, da baƙar ƙasa a ƙarƙashinsa. Na roƙi injiniya awa ɗaya ya ce motar kankare na hanya, minti ashirin zai iya ba ni. Na share da buroshin fenti, na auna daga saman ƙasa santimita 64, na duba arewa a waya na ajiye ƙusa tana nunawa, na kara tef a gefe na ɗauki hoto shida na tura mata da sunan unguwar da kwanan wata. Ban ga zanen totuwa a jikinsa ba.